Darasi na 14: Sauraron Motsin Enzayim da Hasken da Ido Ba Ya Gani

Idan aka fasa farin goro aka bar ɓari guda a kan faranti, kafin a gama gaisawa da baƙo fuskar goron ta soma yin ja. Mai kunun zaki takan zuba niƙaƙƙen tsiro a cikin kunun da ya yi kauri, bayan ɗan lokaci ya tsinke, ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba. Masu yin wara kuwa ruwan tumfafiya suke sa wa madara ta daskare. Duk waɗannan aikin enzayim ne, kuma iyayenmu sun daɗe suna sa shi aiki tun kafin a raɗa masa suna.

Enzayim furotin ne, wato doguwar sarƙa ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, wadda ta naɗe kanta ta dunƙule. Aikinsa shi ne gaggauta sauyin da wani sinadari zai yi ya koma wani. Akwai wani enzayim a cikin jajayen ƙwayoyin jininmu da ke haɗa iskar kabon dayoksaid da ruwa, yana iya maimaita wannan aiki kusan sau miliyan ɗaya a sakan guda. Duk girman dunƙulen nan, ainihin aikin a wani ɗan lungu ake yin sa, inda amino asid ƙalilan suka yi wa abin da za a sarrafa ƙawanya. Wannan lungu shi za mu riƙa kira gurbin aiki.

Tambayar da ke gabanmu a yau ita ce: me ke faruwa a cikin gurbin nan a daidai lokacin da ake aikin? A tsaye yake cik, ko motsi yake yi? In yana motsi, wane iri, kuma ta yaya ɗan Adam zai gano abin da ido ba ya gani, mai sauri fiye da duk abin da hankali ya saba da shi?

Kwaɗo da makulli

A shekarar 1894 wani masanin sinadarai Bajamushe, Emil Fischer, ya ce enzayim da abin da yake sarrafawa kamar kwaɗo da makullinsa ne, kowane kwaɗo da nasa. Misalin ya yi kyau, har yau ana koyar da shi. Sai dai kwaɗo ƙarfe ne, ba ya lanƙwasa. A 1958 Daniel Koshland na Amurka ya ce gurbin yana sauya siffa idan abin sarrafawa ya shigo, kamar yadda tafin hannu ke rufewa a kan abin da aka danƙa masa.

A wannan shekara ta 1958 ce John Kendrew, a Kambirij ta Ingila, ya fitar da siffar furotin ta farko da aka taɓa gani. Furotin ɗin shi ne mayoglobin, wanda ke ajiye iskar oksijin a cikin tsoka, kuma shi ke sa nama ya yi ja. Dabarar ita ce a sa furotin ya daskare ya zama kiristal kamar ƙwayar gishiri, a haska masa eksire, sannan a yi lissafin inda kowane atom yake. A 1965 David Phillips da abokan aikinsa a Landan suka yi wa enzayim na farko irin wannan hoto, wato laisozayim na farin ƙwai, aka ga gurbin aiki ƙuru-ƙuru kamar tsagi a jikin dutse.

Da aka ƙura wa hoton mayoglobin ido sai aka ga abin ɗaure kai. Ƙarfen da oksijin ke maƙalewa a kansa yana can ciki a binne, babu wata buɗaɗɗiyar hanya daga waje zuwa gare shi. Ɗaki ne babu ƙofa, amma baƙo yana shiga yana fita. Ke nan dole bangon yana ɗagawa yana komawa, hoton ne bai nuna ba. Hoton kiristal matsakaicin siffar biliyoyin furotin ne da aka jera wuri guda, kuma a yau galibi sai an sanyaya kiristal ɗin zuwa wajen digiri 173 ƙasa da sifili kafin a ɗauka. Yana da amfani ƙwarai, amma kamar a ba ka hoton doki a ɗaure ne a ce ka faɗi yadda yake sukuwa.

Zancen doki ya tuna mini da wani labari. An daɗe ana gardama ko doki mai sukuwa yana ɗage ƙafafunsa huɗu daga ƙasa a lokaci guda. A 1878 mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a gonar attajiri Leland Stanford a Kalifoniya, doki ya wuce a guje kowace ta ɗauki nata, gardama ta mutu: yana ɗagewa. A wannan fili aka gina Jami'ar Stanford daga baya, kuma wasu daga cikin binciken da za mu duba a darasin nan a can aka yi su. Abin da za ku riƙe daga labarin shi ne, mai son kama motsi sai ya nemi abin ɗauka da ya fi motsin sauri.

Hasken bayan ja

A shekarar 1800 William Herschel, masanin taurari a Ingila, ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, launuka suka baje kamar bakan gizo. Ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya matsar da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai zafi ya ƙaru. Ashe akwai haske a wurin. Shi ne infirared, mu kuma za mu ce masa hasken bayan ja. Kun san shi ko da ba ku san sunansa ba: da shi rimot ke yi wa talabijin magana, shi ne kuma ma'aunin zafin da ake saita wa mutum a goshi yake karantawa.

Ga dalilin da ya sa masu nazarin sinadarai suke ƙaunarsa. Atom biyu da ke haɗe a cikin sinadari ba a ƙame suke ba. Ɗaurin da ke tsakaninsu yana miƙewa yana takurewa ba fashi, kamar tsirkiyar garaya da aka taɓa. Kowane irin ɗauri da saurin kaɗawarsa. Ɗauri mai ƙarfi yana kaɗawa da sauri, atom masu nauyi suna rage saurin, kamar yadda tsirkiya mai kauri ke ba da babbar murya. Idan aka haska hasken bayan ja ta cikin sinadari, kowane ɗauri yakan shanye ɓangaren hasken da ya yi daidai da kaɗawarsa, ya bar saura ya wuce. Na'ura ta duba abin da ya ɓace, ta zana shi a matsayin tudu a kan jadawali.

Ana auna wannan da adadin igiyoyin haske da za su shiga santimita ɗaya. Don sauƙi za mu riƙa ce wa adadin "lamba", mu ce wa kaɗawar "murya", ko da yake ba murya ba ce da kunne zai ji. Ɗaurin da ke tsakanin kabon da oksijin mai ninki biyu, wanda ake rubutawa C=O, lambarsa tana wajen 1700. Wannan yana nufin yana kaɗawa kusan sau tiriliyan 50 a sakan ɗaya.

A nan sai mu tsaya mu saba da ƙananan lokuta. Idan aka raba sakan gida tiriliyan ɗaya, kowane kashi fikosakan ne. Idan aka sake raba fikosakan gida dubu, an sami femtosakan. Haske, da duk saurinsa, a fikosakan ɗaya bai fi ya yi tafiyar kashi ɗaya cikin uku na milimita ba. Nisan da ke tsakanin fikosakan da sakan kamar nisan da ke tsakanin sakan ɗaya da shekara wajen 31,700 ne. Ɗaurin C=O yana gama zuwa da dawowa ɗaya a femtosakan 20. Marigayi Ahmad Zuwail, ɗan ƙasar Masar, ya sami kyautar Nobel a 1999 saboda amfani da ƙiftawar hasken lesa mai gajartar femtosakan wajen kallon yadda ɗauri ke tsinkewa.

Kalangu a hammata

Yanzu ga zuciyar darasin. Ku tuna da makaɗin kalangu. Fatar kalangu tana da muryarta, amma idan makaɗi ya matse tsarkiyoyin da hammatarsa muryar ta hau, in ya sassauta ta sauka. Wanda ke bayan katanga, bai ga makaɗin ba, in dai ya iya sauraro zai gaya maka lokacin da aka matse da lokacin da aka saki.

Haka ɗauri yake a cikin gurbin aiki. Amino asid ɗin da ke kewaye da shi suna ɗauke da cajin lantarki, wasu suna miƙo masa haidirojin suna jan oksijin ɗinsa. Wannan ja yana ɗan sauya muryar ɗaurin. Idan maƙwabtan suka matso murya ta sauya, idan suka ja da baya ta koma. Ɗaurin shi ne kalangu, enzayim shi ne hammata. Ba mu ga hammatar ba, amma muna jin abin da take yi.

Daga tudun da na'ura ta zana ana karanta abu biyu. Inda tudun ya tsaya yana nuna ƙarfin matsin. Faɗinsa kuma yana nuna bambancin da ke tsakanin gurabe, domin ba enzayim ɗaya ake aunawa ba, tiriliyoyi ne a ɗigo guda. In duk matsinsu iri ɗaya ne tudun zai fito siriri, in kowa da nasa zai yi faɗi.

Akwai cikas guda biyu. Na farko ruwa. Enzayim a cikin ruwa yake aiki, ruwa kuwa yana shanye hasken bayan ja sosai, har ma yana da tasa murya a wajen 1640, daidai inda ake son sauraro. Saboda haka ake matse ɗigon tsakanin faifai biyu har kaurinsa ya gaza na gashin kai, faifan kuma ba na gilashi ba ne, domin gilashi ma yana tare wannan haske, na wani kiristal ne na kalsiyam da fulorin. Sau da yawa akan musanya ruwan da ruwa mai nauyi, wanda haidirojin ɗinsa ya ninka na ruwan sha nauyi, sai muryarsa ta sauka wajen 1200 ta ba da wuri.

Cikas na biyu hayaniya ce. Kowace amino asid a sarƙar tana da nata C=O. Enzayim mai amino asid 300 yana da makaɗa 300 duk suna kiɗa tsakanin 1600 da 1700. Neman muryar ɗauri ɗaya a ciki kamar neman muryar mai talla ɗaya ne ranar kasuwa. Sa'ar da aka yi ita ce, daga wajen 1800 zuwa wajen 2500 furotin ba ya cewa komai. Fili ne tsit. Sai masana suka nemo ƙananan sinadarai masu murya a wannan fili suka riƙa tura su cikin gurbin aiki a matsayin 'yan leƙen asiri. Fitattu su ne kabon monoksaid, da azaid mai atom uku na naitirojin a jere, wanda ke wajen 2050, da ɗaurin kabon da naitirojin mai ninki uku. Wata dabarar kuma ita ce a sa kabon mai nauyi a ɗauri guda kawai, sai muryarsa ta sauka da wajen 40 ta fita daga cikin taro.

Abin da iskar guba ta tona

Kabon monoksaid ita ce iskar da ke cikin hayaƙin janareta da na gawayi, wadda ke kashe mutanen da suka kwana da su a rufaffen ɗaki. Tana kisa ne saboda tana kama ƙarfen da ke cikin jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau 200 da ɗoriya. Wannan mugun riƙo nata shi ya sa ta zama 'yar leƙen asiri ta gari: in ta zauna a kan ƙarfen ba ta saurin tashi.

Idan tana yawo a iska lambarta 2143. Da ta hau ƙarfen mayoglobin sai ta faɗo ƙasa da 2000. Abin sha'awa, ba tudu ɗaya ake gani ba, uku ne: ɗaya wajen 1965, ɗaya wajen 1945, ɗaya wajen 1932. Furotin iri ɗaya, baƙo iri ɗaya, murya uku. Bayan bincike mai tsawo aka gane cewa wata amino asid da ake kira histidin, ta 64 a sarƙar, ita ce ke zaune kusa da baƙon tana sauya zama. Idan ta karkata waje ta bar gurbin, murya ta hau 1965. Sauran biyun kuma zama biyu ne da take yi a ciki. Histidin ɗin nan ita ce ake ɗauka a matsayin ƙyauren ɗakin da hoton Kendrew ya nuna babu ƙofa. Mayoglobin ba enzayim ba ne, ajiya yake yi ba sarrafawa ba, amma a kansa aka koyi yawancin wannan sana'a.

To amma wannan awo bai gaya mana lokaci ba. Shin furotin guda yana zama a siffa ɗaya na tsawon sakan, ko yana tsalle daga wannan zuwa waccan a ƙiftawa? Jadawalin iri ɗaya zai fito.

Awo mai fuska biyu

A 1998 Peter Hamm da Manho Lim da Robin Hochstrasser, a Jami'ar Fensilbaniya, suka fitar da sabuwar hanya. Ana harba ƙiftawar hasken bayan ja daga lesa, kowace gajartarta wajen femtosakan 100 ko ƙasa da haka. Ƙiftawar farko tana yi wa kowane ɗauri alama da muryar da yake da ita a lokacin. Sai a jira ɗan lokacin da mai bincike ya zaɓa, misali fikosakan ɗaya. Sannan ƙiftawar ƙarshe ta tambayi kowane ɗauri muryar da yake da ita yanzu.

Ku ɗauka malami ya shiga aji ya rubuta inda kowane ɗalibi ke zaune, ya fita, ya dawo ya sake rubutawa. A kan takarda, layin kwance shi ne mazaunin farko, layin tsaye mazaunin ƙarshe, kowane ɗalibi ɗigo ɗaya. In malamin ya dawo nan take, kowa na inda yake, ɗigogin za su jeru a kan layin da ya ratsa takardar daga kusurwa zuwa kusurwa, su ba da siffa doguwa siririya kamar ganyen dogon yaro. In ya daɗe, yara sun cakuɗe, na gaba ya koma baya, mazaunin farko ba ya nuna na ƙarshe, ɗigogin su watsu su yi da'ira kamar faifai. Lokacin da siffar ke ɗauka kafin ta tashi daga ganye ta koma faifai, shi ne lokacin da gurbin ke ɗauka kafin ya zaga duk siffofin da yake iya yi.

Da wannan hanya ɗakin binciken Michael Fayer a Stanford ya koma kan mayoglobin. A 2008 suka auna wani nau'insa da aka sauya wa amino asid ɗaya, suka ga yana tsallakawa tsakanin biyu daga cikin siffofin nan a fikosakan 47. Shekara guda kafin nan sun duba wani enzayim na tsiro mai suna feroksides, suka ga cewa da zarar abin sarrafawa ya shiga, kai-komon gurbin ya ragu ƙwarai. Ku riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da shi.

Akuya a turke

Akwai wani enzayim da ake samu a jikin wani nau'in yis, ana taƙaita sunansa da FDH. Aikinsa shi ne ya cire haidirojin daga sinadarin fomet ya miƙa wa wani mataimaki da ake kira NAD, fomet ɗin ya zama kabon dayoksaid. A kowane sauyin sinadari akwai wani ɗan lokaci da abu ya bar siffarsa ta dā bai kai sabuwa ba, kamar mai tsallaka katanga da ke bisa kanta. Wannan tsaka-tsaki shi ne mafi wahalar kaiwa, kuma shi enzayim ke sauƙaƙawa. Fomet a lanƙwashe yake, kabon dayoksaid a miƙe, a kan katangar kuwa ya kusa miƙewa amma da sauran caji. Azaid a miƙe yake kuma yana da caji. Saboda haka FDH yakan rungume shi gam yana zaton aiki ya zo, alhali babu abin da zai iya yi da shi. An sami ɗan leƙen asirin da ya tsayar da enzayim a kan katanga, kuma muryarsa tana filin da babu hayaniya.

Christopher Cheatum da Amnon Kohen na Jami'ar Ayowa suka yi wannan awo, sakamakon ya fito a 2010. Idan azaid ne kaɗai a gurbin, babu mataimaki, siffar ba ta gama zama faifai har lokacin awo ya ƙare. Ke nan akwai sauran motsi masu jinkiri da ba a kai ga ganin ƙarshensu ba, kamar yadda ake gani a yawancin furotin. Amma da aka haɗa su uku, enzayim da azaid da mataimaki, sai siffar ta zama faifai gaba ɗaya cikin 'yan fikosakan: ma'aunin lokacin 3.2 ne da NAD, 4.6 da wani nau'in mataimakin.

A nan ɗalibai kan yi tuntuɓe. Mutum zai ce ai saurin cakuɗewa yana nuna gurbin ya fi motsi. Akasin haka ne. Ku dubi akuyar da aka ɗaure a turke da gajeriyar igiya. Kafin ka sha ruwa ta taka ko'ina da igiyar ta ba ta dama. Wadda aka saka a makiyaya kuwa sai ta yini ba ta zaga rabin filin ba. Gurbin da ya gama zaga duk siffofinsa a fikosakan uku, siffofin ne ba su da yawa. Da duk masu aiki suka hallara, enzayim ya ɗaure gurbin tamau, bai bar masa komai ba sai 'yar karkarwa mai sauri.

Ni a ganina wannan ne abu mafi daɗi a fannin. An ƙera na'ura mai tsada don a kama motsi, sai ta nuna cewa a daidai wurin aiki, a daidai lokacin aiki, motsin taƙaitawa yake yi. Mai saka zare a allura yakan yi ta juya hannu yana neman haske, amma in zaren ya zo bakin kafa sai ya ɗauke numfashi.

Ƙarfin matsin

In gurbin ya ɗaure, me yake yi wa abin da ya kama? Steven Boxer da ɗalibansa a Stanford sun amsa wani ɓangare na wannan a 2014. Sun ɗauki wani enzayim na bakteriya da ake taƙaitawa KSI, suka sa masa wani sinadari mai kama da abin da yake sarrafawa, mai ɗaurin C=O ɗaya a daidai inda aiki ke faruwa. Da farko sun auna muryar ɗaurin a cikin ruwaye daban-daban, suka yi lissafin jan lantarkin da kowane ruwa ke yi masa, har suka sami ma'auni: kaza na sauyin murya daidai yake da kaza na ja. Tushen dabarar tsoho ne, tun 1913 Johannes Stark ya nuna cewa jan lantarki yana sauya hasken da atom ke fitarwa.

A cikin ruwa muryar ɗaurin tana 1634. A cikin gurbin KSI ta faɗo 1588, kuma tudun siriri ne ƙwarai. Da aka juya wannan zuwa ma'aunin lantarki sai aka sami bolt miliyan 144 a kan kowane santimita. Don ku ji nauyin adadin, busasshiyar iska takan fashe ta yi tartsatsi a wajen bolt 30,000 a santimita. Kada ku tsorata, faɗin wurin da wannan ja yake aiki bai wuce na atom ƙalilan ba. Amino asid biyu ne suka fi yin aikin, suna miƙa wa oksijin ɗin haidirojin daga kusa. Da aka riƙa musanya su da wasu, ja ya ragu, saurin enzayim ma ya ragu daidai gwargwado. Masu binciken suka ƙiyasta cewa wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin wannan enzayim daga jan nan yake. A 2015 wasu masana sun ƙalubalanci wannan lissafi a mujallar da ta buga aikin, amma awon muryar kansa ya tsaya.

Gardamar da ba ta mutu ba

Masana sun rabu biyu. Arieh Warshel, wanda ya sami kyautar Nobel a 2013 tare da Martin Karplus da Michael Levitt, ya daɗe yana cewa sirrin enzayim shi ne ya riga ya jera cajinsa yadda ya dace tun kafin baƙo ya zo, motsi ba shi ne ke gaggauta aikin ba. A ɗaya gefen akwai irin su Judith Klinman ta Jami'ar Kalifoniya a Bakli, waɗanda ke nazarin enzayim masu miƙa haidirojin. Haidirojin ba shi da nauyi, har yakan ratsa katangar maimakon ya haura ta, amma sai idan mai bayarwa da mai karɓa sun matso kusa ƙwarai. A wurinsu motsin da ke daidaita wannan tazara yana cikin aikin.

Sakamakon KSI ya yi wa Warshel daɗi. Na FDH kuwa kowane ɓangare yana iya jan sa gefensa: wannan ya ce ga shi gurbin a ɗaure yake, wancan ya ce ai 'yar karkarwar da ta rage ita ce muke magana a kai. Ni na fi karkata ga cewa rabin gardamar a kan ma'anar kalmar motsi ce. Babu mai musun cewa enzayim yana buɗewa ya karɓi baƙo, ya rufe, ya sake buɗewa ya sallame shi, kuma waɗannan manyan motsi suna ɗaukar daga kashi ɗaya cikin miliyan zuwa kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Inda ake ja-in-ja shi ne ko karkarwar fikosakan tana tura abin ya haye katanga, ko kuwa tana nan ne kawai saboda duk abin da ke da ɗumi yana karkarwa.

Awon kansa yana da iyaka. Alamar da ƙiftawar farko ke yi wa ɗauri ba ta daɗewa, takan goge cikin fikosakan kaɗan, in ta daɗe ta kai 'yan gomomi, don haka duk abin da ya fi wannan jinkiri sai dai a ga inuwarsa. Masu son kallon manyan motsin sukan bi wata hanya: su ɗumama ɗigon farat ɗaya da lesa, sannan su bi sauyin murya yayin da enzayim ke neman sabon zama. Robert Callender da Brian Dyer sun yi haka da enzayim ɗin da ke sarrafa sinadarin laktet a tsoka. Sannan kada a manta, ɗan leƙen asiri baƙo ne. Azaid ba fomet ba ne, kabon monoksaid ba oksijin ba ce. Abin da suka ji a gurbin yana iya ɗan bambanta da abin da mai gurbin na ainihi zai ji.

Aikin aji

1. Enzayim ɗin jini da muka ambata a farko yana aiki sau miliyan ɗaya a sakan. Ɗaurin C=O yana kaɗawa sau tiriliyan 50 a sakan. Sau nawa ɗaurin zai kaɗa kafin enzayim ya gama aiki ɗaya?

2. An auna enzayim biyu da awo mai fuska biyu. Bayan fikosakan 5, siffar na farko ta zama faifai, ta na biyu tana nan kamar ganye. Ku zana siffofin biyu a allo, sannan ku bayyana da bakinku, ba tare da duba littafi ba, wanne ne gurbinsa ya fi ɗaurewa.

3. Ku fasa farin goro gida biyu a gida. Ku tsoma ɓari ɗaya a tafasasshen ruwa na minti biyu, ku bar ɗayan haka, ku kankare fuskar kowanne ku ajiye su a sarari. Ku zo aji da abin da kuka gani, da kuma abin da kuke zaton zafi ya yi wa gurbin aikin enzayim ɗin.